Mota Ta Ƙi Tashi? Yadda Ake Gano Matsalar Batir, Kik da Wayar At a Tsohuwar Hiace

Duk wanda ya saba shiga motar haya da sassafe ya san wannan yanayin. Fasinja sun cika, an ɗaure kaya, direba ya murza makulli, sai a ji "ƙas" sau ɗaya, daga nan shiru. Ya sake murzawa, shiru. Can sai yaron mota ya ce a yi haƙuri a sauko a tura.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za a ce batir ne ya mutu, a sayo sabo. Bayan kwana uku matsalar ta dawo, sai a ce ai kik ne, a kwance shi a kai gyara. Kuɗi sun tafi, aikin yini biyu ya tafi, motar kuma tana nan da halinta. Sau da yawa mai laifin yana kusa, ba a dai duba shi ba: wata gajeruwar waya ce mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota da injin, wadda masu wayarin ke kira wayar at.

Wanda ya taɓa canza batirin wayarsa ta hannu saboda ba ta caji, daga baya ya gano igiyar cajar ce ta lalace, ya riga ya fahimci rabin zancen. Da ƙaramar mita ta awon wuta da minti goma, ana iya bambance batir da kik da wayar at kafin a kashe ko sisi.

Wutar mota zagaye take yi

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita ta koma inda ta fito. A mota, tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi jar waya zuwa abin da za ta kunna, sannan dole ta koma kan batir mai alamar −. Masu ƙera motoci ba sa jan waya ta biyu daga kowace fitila ko na'ura zuwa batir. Ƙarfen motar suke amfani da shi a matsayin hanyar komawa. Shi ya sa ake ɗaure kan − a jikin mota, a kuma haɗa injin da jikin motar da wata waya mai kauri, wani lokaci saƙaƙƙiya kamar kitso.

Wannan wayar ta injin tana da muhimmanci saboda injin ba a kan ƙarfe yake zaune kai tsaye ba. A kan robobi yake, don rage jijjiga, roba kuwa ba ta wuce wuta. Kik a jikin injin ko giyabos yake ɗaure, saboda haka duk wutar da ya ja ta wannan wayar za ta koma.

Kuma wutar ba kaɗan ba ce. Caja mai kyau ta wayar hannu tana ba da amfiya 2 ko 3. Kik ɗin injin fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200, na dizal kuma ya kan wuce haka sosai. A nan ne lissafin da masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827 ke shigowa: wutar da ake asara a hanya ita ce yawan amfiya sau turjiyar hanyar. Idan tsatsa ta kawo turjiyar ohm 0.01 kacal a wajen noti ɗaya, kuma amfiya 200 ta bi ta wajen, an rasa volt 2 ke nan daga cikin 12. Fitila da rediyo ba za su ji wannan asarar ba, domin wutar da suke ja kaɗan ce. Kik kuwa zai kasa juya injin. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin dashbod ya kawo wuta tar, hon yana kuka, amma mota ta ƙi tashi.

Me ya sa abin ya fi yawa a tsofaffin bas

Toyota ta fara ƙera Hiace a 1967. Samfurin da aka fi gani a tashoshin mota da wajen masu jigilar kaya kafin zuwan wadda ake kira Hummer shi ne H100, wanda aka fara fitarwa a 1989, aka maye gurbinsa a 2004. Akwai mai injin fetur irin su 1RZ da 2RZ, akwai mai dizal irin su 2L da 3L da 5L. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin, kuma da yawa sun gama aiki a wata ƙasa kafin a shigo da su.

A wannan samfurin injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, batir ma a ɓoye yake a ƙasa, ba inda ido ke kai wa kullum ba. Ruwan damina da wankin injin suna shiga wajen notuna su kawo tsatsa. Jijjigar hanya tana tsinka silin wayar ɗaya bayan ɗaya a cikin robarta, daga waje kuma tana nan kamar lafiyayya. Zafin rana yana rage kwanan batir, ruwan batir da ya tsiyayo kuma yana cin waya.

Akwai kuma hannun mutane. Idan aka sauke injin ko giyabos, ba abin mamaki ba ne a manta da wayar at wajen mayarwa, ko a ɗaure ta sama-sama. Idan aka yi wa mota fenti, aka ɗaure wayar a kan fentin, an toshe hanyar ba tare da an sani ba.

Sautin da mota ta yi shi ne shaida ta farko

Kafin a taɓa sifana, a saurara, a kuma kunna fitilar cikin mota a zuba mata ido lokacin da ake murza makulli.

Idan an ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitila kuma tana dusashewa, wutar da ke isa kik ba ta kai ba. Ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya yi datti, ko at ta lalace.

Idan "ƙas" ɗaya aka ji mai ƙarfi, fitila ba ta rage haske ba, solinoyid ya motsa amma wuta ba ta shiga kik ɗin ba. Solinoyid shi ne ɗan gwangwanin da ke kan kik, wanda ke tura haƙorin kik cikin filawil ya kuma haɗa babbar wuta. Tagullar da ke cikinsa tana cinyewa da daɗewa, haka ma burushin kik.

Idan injin yana juyawa da ƙyar kamar mai jin barci, batir da wayoyi ne abin zargi na farko, kik ɗin da kansa na biyu.

Idan babu sauti ko kaɗan kuma fitila ba ta motsa ba, umarnin ne bai isa kik ba. A duba makullin, fiyus, rile da siririyar wayar da ke zuwa solinoyid. A mota mai giya otomatik, a gwada tayarwa a N maimakon P, domin makunnin da ke hana tashi cikin giya yana lalacewa.

Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, kik ya yi nasa aikin. Zancen ya koma wajen mai, filogi, ko hita a motar dizal.

Alamomin da ke nuna at ce

Matsalar at tana da wasu halaye da ba a cika gani a sauran matsaloli ba. Yau mota ta tashi da murzawa ɗaya, gobe ta ƙi, jibi ta tashi bayan an girgiza waya. An taka burki, sai fitilar sigina ta ɗan kawo wuta. An kunna fitilar gaba, sai allurar zafin injin ko ta mai ta motsa. Lasifika tana wani siririn kuka da ke ƙaruwa idan an taka totur.

Dalilin duka ɗaya ne: wutar da ta rasa hanyarta ta komawa tana neman wata. Ta kan bi ta cikin wata fitila, ta kan kuma bi ta igiyar totur ko ta hambirki. Idan aka ji igiyar totur ta yi zafi bayan an yi ta murza makulli, ko robarta ta narke, to wutar kik ce ke bi ta cikinta. Wannan ba abin jira ba ne, yana iya tayar da gobara.

Gwaji na ɗaya: batir

Abin da ake buƙata shi ne maltimita, wato ƙaramar mitar nan mai tsinke biyu, ja da baƙi, irin wadda masu gyaran wayar hannu ke amfani da ita. A juya ta zuwa DCV, a kan lamba 20. Kafin komai, a ja hambirki, a tabbatar giya tana firi.

A ɗora jan tsinke a kan +, baƙin a kan −, injin a kashe, bayan motar ta huta na wasu awoyi. Volt 12.6 na nufin batir a cike yake. 12.4 ya kai kamar kashi 75 cikin ɗari, 12.2 kamar rabi, 12.0 kuwa ya yi ƙasa sosai. Idan aka ga wajen 10.5, alama ce ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu.

Sannan wani ya murza makulli, ana kallon mita. Lafiyayyen batir ba ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa. Idan ya faɗi ƙasa da haka, a yi masa caji a sake gwadawa. In ya maimaita, ko batirin ya gaji ko kik yana jan wuta fiye da kima. Amma idan mita ta tsaya a wajen 12 ba ta motsa ba, kik kuma bai juya ba, batir ba shi da laifi. Wutar ce ba ta samu hanyar fita ba.

Gwaji na biyu: asarar wuta a hanyar komawa

Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A ɗora baƙin tsinke a kan sandar darmar batir mai alamar −, a kan darmar kanta, ba a kan ƙarfen da aka ɗaure mata ba. Jan tsinken kuma a ɗora shi a kan ƙarfen injin mai tsabta, ko jikin kik. A murza makulli na daƙiƙa uku zuwa biyar.

Idan hanyar lafiya take, mita za ta nuna ƙasa da volt 0.2, ko dai kada ta wuce 0.3. Idan ta nuna 0.5 ko 1 ko fiye, an kama ɓarawon. Abin da mitar ke nunawa shi ne wutar da ta maƙale a hanya ba ta kai ga kik ba.

Don gano daidai wajen, a bar baƙin tsinke inda yake, a riƙa matsar da jan. Da farko a kan ƙarfen kan batir, sannan a kan notin da ke ɗaure wayar a jikin mota, sannan a kan injin, kowane mataki ana murza makulli. Inda lambar ta yi tsalle, nan matsalar take.

Wasu kan gwada wayar da sautin "ɗit" na mita, su ce ai tana wucewa. Wannan gwajin yana yaudara. Wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba, sili ɗaya da ya rage a cikin wayar ya isa ya sa ta yi ƙara. Amfiya 200 ba za ta bi ta sili ɗaya ba. Dole sai kik yana jan wuta ake awon.

Gwaji na uku: hanyar fita

Haka ake yi wa ɓangaren +. Jan tsinke a kan darmar +, baƙin a kan babban notin da ke bayan solinoyid, inda jar waya mai kauri ta ɗauru. A murza makulli. Bai kamata asarar ta wuce volt 0.5 ba. A yi hattara a nan, domin wannan notin yana da wuta kullum, ko da makulli a aljihu yake.

Idan ɓangarorin biyu sun fita lafiya, a auna siririyar wayar solinoyid lokacin da ake murza makulli. In ta kawo wuta kusa da ta batir amma kik bai motsa ba, yanzu ne ya dace a kwance shi. In ba ta kawo ba, a koma wajen makulli da rile.

Idan babu mita a kusa

Wayar jamfa ɗaya ta isa. A maƙala baki ɗaya a kan − na batirin motar, ɗaya bakin a kan wani ƙarfe mai kauri na injin, nesa da fanka da bel. A murza makulli. Idan motar da ta ƙi tashi ta tashi nan take, wayar at ce, babu tantama, domin an ba wutar sabuwar hanya.

Hannu ma yana gwaji. Bayan an murza makulli sau biyu ko uku, a taɓa kan batir da bakunan wayar a hankali. Wajen da ya yi zafi shi ne mai turjiya. Asarar volt 2 a amfiya 200 daidai take da wat 400, duk a kan noti ɗaya.

Yadda ake gyarawa

A fara cire kan −, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Hikimar ita ce, idan sifana ta taɓa jikin mota tana kan −, babu abin da zai faru. Idan tana kan + ne kuma − na haɗe, tartsatsi zai tashi, sifanar ta yi ja.

Farin gari ko koren da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da bekin soda a ruwa, ko ruwan kanwa, domin dukansu suna kashe kaifin asid. Kada dai a bari ya shiga cikin batirin. A goge darma da cikin ƙarfen da samfefa har su yi ƙyalli.

A kwance wayar at ta kowane baki, a kankare tsatsa da fenti har sai farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tam, sannan a shafa giris ko basilin a sama don hana ruwa. A lanƙwasa wayar a ji. Idan ta ƙage, ko ta kumbura, ko an ga kore a ƙarƙashin robar, a canza ta. Sabuwar ta zama ta tagulla zalla, kaurinta kada ya gaza na jar wayar da ke zuwa kik. Akwai wayoyi a kasuwa da alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla. Ba su da nauyi a hannu, idan aka kankare silin kuma fari ne a ciki. Ƙara waya ta biyu daga batir kai tsaye zuwa injin ba ya cutarwa, tsohuwar mota ma ta fi son haka.

Kan batir da ya yi sako-sako canza shi ake yi. Buga masa ƙusa ko dutse yana tayar da mota yau, ya fasa darmar gobe.

Bayan mota ta tashi

A sake auna batir injin yana aiki. Altaneta mai lafiya tana ba da wajen volt 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da 13 na nufin ba ta caji yadda ya kamata, sama da 15 kuma tana dafa batir. Ita ma altaneta ta jikin injin wutarta ke zagayawa, saboda haka at mara kyau tana hana batir cika ko da altanetar sabuwa ce. Shi ya sa sabon batir ke yin aiki kwana biyu ya koma gidan jiya.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta cire kan batir injin yana aiki don a ga ko motar za ta mutu. A guje ta. Batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta. Idan aka cire shi, wutar na iya haurawa ta ƙona altanetar, da rediyo, da kwamfutar injin a motar da ke da ita, har da wayar da aka jona a caji.

Idan batir yana mutuwa cikin dare

Tsofaffin bas sun sha ƙari: cajar USB, na'urar bin diddigi, amfilifaya, fitilun ado. Wasu an jona su kai tsaye a batir, ba sa mutuwa da makulli. Abin da ke jan rabin amfiya yana shanye amfiya 36 a kwana uku, wato rabin batir mai 70Ah.

Don ganowa, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire wayar −, a mayar da jan tsinke ramin 10A, a sa mitar tsakanin darmar batir da wayar da aka cire. Abin da ya wuce amfiya 0.05 ya yi yawa. A riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Kada a kuskura a murza makulli mita na haɗe a haka, nan take za ta ƙone.

Ina amfanin wayar hannu a nan?

Akwai ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa a ramin OBD2 na mota, ta yi magana da waya ta Bluetooth, a karanta bayanan injin a manhaja irin su Torque. Sai dai an wajabta OBD2 ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga ƙananan motocin fetur, na dizal suka biyo baya. Hiace mai kafireta ko tsohon famfon dizal ba ta da kwamfutar da za ta amsa. Ko a motar da ke da ramin ma, manhaja ba ta ganin tsatsar da ke kan noti.

Abin da ya fi amfani shi ne cajar mota mai nuna volt a ɗan allonta. Da ita direba zai ga 12 da ɗoriya kafin ya tayar, ya ga wajen 14 bayan ya tayar, ya kuma lura tun ranar da lambar ta fara sauka. Kyamarar waya ma tana aiki: a ɗauki hoton wayoyi kafin a kwance, a kuma zura ta da tocila a ɗauki bidiyon lungun da kai ba ya shiga.

A kiyaye

Batir yana fitar da iskar haidurojin, mai kamawa da wuta, don haka babu sigari ko ashana kusa da shi. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma, a bar kik ya huce tsakanin gwaji. Kada kuma a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai.

Wanda ba zai yi aikin da hannunsa ba ma ya ƙaru da sanin lambobin. Idan mai wayarin ya ce batir ne ko kik ne, mai mota na iya cewa a ɗora mita tukuna: nawa batir ya nuna a hutu, nawa ya nuna ana murzawa, nawa aka rasa tsakanin kan − da injin? Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ke nuna ko sabon batir ake buƙata, ko kuwa samfefa da sifana mai lamba 12.